Daddawar Inna Ba Ta Wari

Riruwai, farkon azumi

Zuwa ga Yaya Mas'ud,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya ibada, ya aikin kemis? Sabis ya ɗauke mana, shi ya sa na ba Mudi direban motar hatsi wannan takarda, tunda an rufe hanyoyi, masu hatsi kaɗai ake bari su wuce.

Inna ce take ba ni tsoro. Ka san miyarta, ko da azumi a bakinta ba ta kuskure gishiri. To, shekaranjiya ta zabga shi har Husnata ta tofar. Kowa ya ce ai mai azumi ba ya ɗanɗanawa, aka yi dariya aka wuce. Amma da aka sha ruwa ta ci abinta, har tana cewa a miƙo gishiri. Jiya kuma ta buɗe daddawar da ta rufe, wadda maƙwabta suke toshe hanci saboda ita, ta ce ta bana ta lalace, ba ta wari. Da ƙyar na hana ta zubarwa. Ga kasala, tana tsinke zogale sai ta kishingiɗa.

Ko ciwon nan ne da ake faɗa a rediyo? In kai ta asibitin Tudun Wada? Kai ne likitanmu, ko da na kanti ne.

Ƙanwarka,
Bahijja

Kiru

Zuwa ga Bahijja,

Wa'alaikumus salam. Saƙonki ya iso. Ki kwantar da hankalinki. A abin da na karanta, cikin manya goma da korona ta kama, wajen takwas suna zazzaɓi, fiye da rabi suna busasshen tari. Kasala tana bayan waɗannan, kuma wane ne ba ya kasala da azumi a zafin nan? Inna ba ta zazzaɓi, ba ta tari. Kada ki kai ta asibiti ta je ta kwaso abin da ba ta da shi. Ta yawaita ruwa da sahur. Ki gaishe ta, ki ce ta ajiye mini daddawata.

Yayanki,
Mas'ud

Riruwai, ƙarshen azumi

Yaya,

Salamu alaikum. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna ta rasu ranar Laraba.

Zazzaɓin da muke jira ya zo, amma a ƙurarren lokaci ya zo, tare da numfashi sama-sama. Tarin kuwa har ta koma ga Allah ban ji shi ba. Tun kafin zazzaɓin na roƙe ta ta ajiye azumi, ta ce mai zazzaɓi aka yi wa rangwame, ita ɗanta ya ce lafiyarta ƙalau. Kullum da yamma sai ta dama kunun sadakar masallaci da hannunta. Da muka ɗauko ta a motar Mudi za mu asibiti, ba mu kai Doguwa ba ta cika a cinyata. Malam Idi ladan da ke karɓar kunun shi ma yana kwance.

Ni na yi mata wanka. Wallahi zuciyata ta mutu, ko kukan ba ya fitowa.

Bahijja

Kiru

Bahijja,

Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa Aljanna ce makomarta. Tun da Mudi ya miƙo mini takardarki ban buɗe kanti ba. Yanzu ana ta faɗa cewa da yawa suna daina jin ƙamshi da ɗanɗano, wasu ma shi kaɗai suke yi. Lokacin da na rubuto miki ban ɗauke shi a bakin komai ba. Na ce takwas cikin goma, ban tsaya kan sauran biyun ba. Gobe zan biyo Mudi, ko a kan buhuna ne.

Mas'ud

Riruwai

Yaya,

Kada ka shigo gidan. Ka tsaya a zaure, zan turo maka Husna da kayanta ka tafi da ita. Ba ta cin tuwo sai an gutsura mata.

Ba na zazzaɓi, ba na tari. Da safe na buɗe daddawar da Inna ta ajiye maka don in ƙulle maka ita. Na sa hancina har cikin tukunyar, Yaya, ban ji komai ba.

Ka yafe mini, na yafe maka.

Bahijja