Sai Ɗiyata Ta Canja Suna Kafin Ta Samu Gurbi?

Anti Humaira, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗau zafi.

Ni 'yar ƙabilar Ibo ce, shekara ashirin da biyu ina saida atamfa a kasuwar Birnin Kebbi. Ɗiyata Ujunwa a nan unguwar Badariya anka haife ta. In munka je kudu, kakarta har dariya take mata don ba ta iya yarenmu sosai ba. Ita ta zo ta biyu a jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta 'yan mata, sai anka ce mu kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Ina zan samo ta, fisabilillahi?

Abin haushin, zaɓe ya matso. Wani ɗan takara na ta faɗi a rediyo cewa duk yaron da anka haifa nan ɗan nan ne. Abokin hamayyarsa na cewa baƙi sun cinye guraben ɗiyan manoma. Sun mai da yaranmu kayan kamfe, a ofis kuma kowa ya noƙe, ba mai sa hannu sai an ga wanda ya ci. Rajista kuwa saura kwana goma sha biyu a rufe!

Maƙwabciyata Balaraba, mutuniyar kirki wallahi, ta ce mu tafi Gulma wurin mai garinsu a rubuta yarinyar da sunan Nazifa Usmanu, a ce ɗiyar wanta ce. Mijina ya ce sai dai bayan ransa. Ujunwa ta daina cin abinci. Ni kam na gaji, Anti, ina jin zan yi.

Uwa mai takaici, Badariya

'Yar'uwa, kina da gaskiyar yin fushi, amma kada ki je Gulma. Sunan da aka rubuta yau shi zai bi ta jami'a, ya bi ta wurin aiki. Ranar da asiri ya tonu kuwa, har Balaraba da mai gari sai abin ya shafa.

Ki sani ba duk masu ƙorafi ne maƙiyanki ba. Manomin Ambursa da 'yarsa ta rasa gurbi shi ma uba ne, guraben ne suka yi kaɗan.

Gobe ki haɗa takardar haihuwarta, sakamakonta, da wasiƙar mai unguwar Badariya, ki kai koke a rubuce ofishin ƙaramar hukuma. Balaraba ta raka ki, ta shaida abin da ta sani na gaskiya. Ki nemo sauran iyayen da abin ya shafa ku tafi tare, amma kada ki bari ɗan takara ya ɗauki hoton yarinyar. Ki kuma kama mata wuri a makarantar jeka-ka-dawo, don ba zan miki alkawarin za a dace ba.

Yau ɗin nan ki zaunar da Ujunwa, ki gaya mata ba ita ta yi laifi ba. Allah ya sa a kira ta cikin ajin nan da sunan da kuka raɗa mata.