Sunan da Baba ya kasa faɗa

Yaya Ishaku,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Ya Anti Laraba da yara? Mu nan Sabon Tasha sai godiya.

Tun shanyewar jikin nan, maganar Baba sai raguwa take yi. Jiya aka ba 'yata Rahila aikin gida: me ake kiran gwanin lissafi da Turanci? Ta ruga wurinsa. Ka san sunan da tsofaffin ɗalibansa ke kiransa ke nan har a coci, Mathematician. Ya buɗe baki, kalmar ta ƙi fitowa. Sai ya dafa ƙirjinsa, hawaye na zuba.

Rahila ta ce, "Kaka, ƙirjin ke ciwo?"

Ku sa shi a addu'a. Ka gaida kowa. Don Allah ka zo tun yana gane mu.

Ƙanwarka,
Saratu