Baba Ya Bar Mini Tsummansa

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin maigida, ya yara, ya zaman Maiduguri?

Ganin Baba ya tafi gaba ɗaya. Ranar Talata ya sa na kai shi shago. Na ɗaura ƙafar gado a inji, ya jiƙa tsumma da folish, ya danna a katakon yana juyawa, har ya ɗau zafi.

Ya ce, "Sani, ya yi sheƙi?"

Na ce, "Kamar madubi, Baba."

Ya daɗe yana shafawa, sannan ya miƙo mini tsumman, ya ce, "Kai ni gida." Bai sake tambayar shago ba.

Ki sa shi a addu'a. Ki gaishe da kowa. In da hali ki zo, muryarki yake nema.

Ƙaninki,
Sani, Suleja