Alkawarin Maigida Wendell

Wyoming, watan Janairu

Yaya Fortunata,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Mama, ya yara? Kada ku damu da ni, yatsun ƙafa ne sanyi ya ɗan taɓa.

Maigidana Wendell, wanda nake wa kiwon shanu, ya shiga majalisar jiha. Da yana neman ƙuri'a, ya rantse zai kawo dokar gina wa makiyaya ɗakuna masu ɗumi. Ni na bi shinge ina liƙa hotunansa. Ranar muhawara a majalisa kan wannan doka, sai ya miƙe ya ce ba ma buƙatar ɗakunan.

Na tare shi a garke. Ya dafa kafaɗata yana dariya: "Haba Eusebio, ai ban taɓa jin ka koka ba!"

Kada Mama ta ji, har yanzu tana sa shi a addu'a.

Ƙaninki,
Eusebio