Ɗana Ya Ja Kujerar Babansa Baya

Anti, don Allah ki taimake ni, ban ma san ta ina zan fara ba. Maigidana ya rasu bara. Ya bar wata doguwar mota, wagon, mai ƙofa ta baya ɗin nan. Mu shida take kwashewa, har da keken auta. Cikinta laushi kamar katifa, amma in ya samu titi ba kowa ya taka ta, sai ki ji bayanki ya manne da kujera. Yara na ihu, ina salati, shi yana dariya wai tsohuwa ta tsorata.

Shi gajere ne, can gaba yake janyo kujerarsa. Tun da ya tafi ban bari an taɓa ta ba. Da safe nakan shiga in zauna a gefena, in na kalle ta sai in ga kamar hularsa ya koma ɗaukowa.

To makanike ya ce irin wannan injin, yawan ajiya ke kashe shi. Shi ya sa babban ɗana, shi kuma dogo ne, ya ja kujerar baya ya fita da motar. Da na gani sai na fashe da kuka, na ce ya ƙarasa binne min ubansa. Tun ranar bai sake zuwa ba, makullin ma ƙanwarsa ya ba. Tana ta cewa wai ya danna wani maɓalli a jikin ƙofa kafin ya ja, ni ban ma saurare ta ba. Na rasa uban, ga ɗan yana neman kufce min. Yaya zan yi?

Uwar Huɗu

Uwar Huɗu, Allah Ya jiƙan maigidanki. Kukanki ba laifi ba ne, kuma ya kamata ɗanki ya sanar da ke tukuna. Amma maganar ta yi nauyi. Shi ma maraya ne, motar yake ceto.

Ki saurari ƙanwarsa. Irin waɗannan motoci suna riƙe zaman direba, a danna maɓalli kujera ta dawo inda take. Ga alama ɗanki ajiye zaman babansa ya yi kafin ya ja.

Ki kira shi da kanki, kada ki aika. Ki ce ya zo ya nuna miki. In kujerar ta dawo, ki kalle ta son ranki, sannan ki miƙa masa makulli ya ja ta baya, ku fita. In ya taka, ki yi salatinki. Allah Ya sanyaya muku.