Shuɗiyar Tasar Baba

Aliero, Litinin

Yaya Salima,

Gaisuwa mai yawa. Ina maigida, ina yara?

Bidiyon nan da ya tashi gari, na masu kai wa 'yan bindiga fetur ta bayan ƙauyenmu, ni na ɗauka, ni na saka! Kar cikinki ya ɗuri ruwa. Na sayi VPN, abin da ke ɓoye inda waya take. Duk mai nemana zai ga kamar daga Turai nike. Sai su bi ni can mu gani.

Ƙanenki,
Ɗayyabu

Maiyama, Laraba

Ɗayyabu,

Bayan gaisuwa. Da hannu na rubuto, direba zai kawo maka, don ni yanzu tsoron waya nike.

Kai, wane irin wawa ne kai? Turai ta ina? Sake kallon bidiyon. Daga bayan rudun da Baba ke ajiye albasa ka laɓe, ga shuɗiyar tasar nan da yake kifawa bisa kan jinka don ruwa, ta fito ɓaro-ɓaro. Duk yankin wa ke kifa shuɗiyar tasa in ba Baba ba? Ko yaro ya sani.

Jiya mutum biyu sun iske shi gona. Sun gaishe shi da ladabi, sun yaba albasa, sannan suka ce ina ɗansa mai karatu a Aliero. Inna ba ta ci abinci ba tun sannan.

Yayarka,
Salima

Aliero, Jumma'a

Yaya,

Ina gaisuwa. Wallahi na sake kallo, na ga tasar. Na goge bidiyon, amma ya riga ya shiga wayar kowa. Na rubuta wa kamfanin VPN ɗin, suka amsa da Turanci mai daɗi cewa hanya kawai suke ɓoyewa, abin da na nuna da hannuna ba ruwansu.

Gobe zan taho gida in faɗa musu ni ne, Baba bai san komi ba.

Ƙanenki mai neman gafara,
Ɗayyabu

Maiyama, Asabar

Ɗayyabu,

Sallama. Kar ka zo. Babu kowa gidan. Su Baba sun koma Jega wajen Kawu Sahabi, albasa tana can cikin rudu, ba mai zuwa kwasa.

Kafin su taso mutanen sun dawo. Baba ya dube su ya ce shi ba shi da ɗa a Aliero. Ya ce in gaya maka bai taɓa ƙarya ba, kar ka mai da shi maƙaryaci. Ka bar Aliero tun yau.

Allah ya tsare ka.

Salima