Ni na kashe motar Baba, shi kuwa kansa yake zargi

Assalamu alaikum masu wannan shafi da masu karatu. Don Allah ku sakaya sunana, kuma ku ji ni har ƙarshe kafin ku fara zagi, domin na riga na zagi kaina fiye da yadda za ku iya.

Ni matar aure ce a Sabon Gari, nan Maraɗi. Mahaifina tsohon direba ne, rayuwarsa duka ta ƙare a hanyar Tsibiri da wata Fijo 504 wadda ta girme ni. Ni ce 'yarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana. A gefen motar nan na tashi, kafin in iya tuƙa tuwo na san buji na san delko. Yanzu idonsa ya yi rauni, amma wa ya isa ya ce masa ya ajiye makulli? Bayan sallar layya ya kusa take wani ɗan kabu-kabu a kan babur da fasinjarsa, mace da goyo. Na yi magana, ya ce, "Uwata, hanyar nan ko ido rufe na san ta." Haba Baba! To mutanen da ke kan hanyar fa?

Ina da zafin kai, ban shawarci kowa ba. Ran nan ya tafi masallaci, na ɗaga kapo, wato murfin injin motar, na ɓalle ƙugiyoyin murfin delko, na zare roto, ɗan baƙin abin nan mai bakin tagulla da ke juyawa yana raba wa buji wuta. Na san in na bar wurin fanko, da laluben yatsa zai gane. Sai na ɗauko wani tsohon roto ƙonanne mai tsaga siririya cikin tarkacensa, na daidaita shi ya zauna, na mayar da murfi. Lafiyayyen na jefa cikin jakata. Shi ya koya mini wannan aiki da hannunsa, kun ji abin kunya.

Mota ta ƙi tashi. Ni a tunanina zai yi fushin kwana biyu ya haƙura. Ina! Kullum da safe yana ƙarƙashin kapo, ya canza buji, ya wanke karbirato, ya shafa roton nan ya mayar, tsagar ba ta jiyuwa a hannu, idon kuma ba ya ganinta. Makanike kuwa ya rantse ba wanda zai taɓa masa mota.

Ana haka aka bugo daga Jiratawa cewa jikin Gwaggo ya tsananta, tana kiran sunansa. Gwaggo yayarsa ce, ita ta rene shi bayan rasuwar uwarsu. Ina gidan lokacin, hantsi ne. Na ce, "Baba, mu nemi motar maƙwabta." Ya ce, "Da motata na saba zuwar mata, in ta ji ƙarar nan ta san ni ne. Yanzu za ta tashi." Ya shiga murza makulli, ya fito, ya koma, zufa na zuba. Ni kuma ina tsaye da jakata a kafaɗa, roton na ciki. Aikin da bai fi shan ruwa ba! Me ya hana ni? Wallahi ba tsoron hatsari ba ne, don da ni zan tuƙa. Kunya ce, tsoron ya dube ni ya san abin da na yi. Na tsaya ina kallonsa har rana ta take. Da ya yarda muka shiga motar maƙwabci, mun isa ana yi mata wanka.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san kwana ya ƙare, amma da sun yi sallama. A wurin zaman makoki na ji yana gaya wa abokinsa, "Ta kira ni na kasa zuwa. Ni da nake gane ciwon mota daga ƙararta, yau ga ni nan. Kaina ne ya tafi, ba ido kaɗai ba." Na shige bayan ɗaki na yi kukan da mata suka ɗauka na Gwaggo ne.

Tun daga nan Baba ya daina wasa da jikoki, abinci sai an matsa masa. In na mayar da roton a ɓoye, mota ta tashi, gobe ya hau titi da idon nan. In na faɗi gaskiya, da wane baki zan ce masa ina tsaye da maganin a jakata yayarsa ta cika? In na ci gaba da shiru, ina kallon mahaifina yana yarda cewa hankalinsa ya gushe, alhali lafiyarsa ƙalau.

Jiya da zan tafi gida ya riƙo hannuna ya ce, "Uwata, ranar Asabar ki zo da wuri mu buɗe delkon nan tare. Ke za ki zama idona. Duk abin da kika gani ki faɗa mini, ke kaɗai ce na san ba za ki rufe ni ba."

Asabar jibi ce. Don girman Allah, 'yan uwa, me zan yi?